Tagogin Gabas

Tun daga bakin titi Adawiyya ta hango abin da ake yi wa ginin. Taga ta farko a saman benen, ta ɓangaren gabas, babu ita. An cike ta da bulo, simintin ko bushewa bai yi ba. A taga ta biyu kuwa ga mutum nan tsaye kan katako, yana ɗora bulo a kan bulo hankalinsa kwance.

Makara ta yi. Babu mai a Gwarzo tun farkon mako, mota ɗaya ta tarar a tasha, ita ma sai da aka jira kujerun baya na mata suka cika kafin direba ya tayar. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a haka ake zama, acaɓa kuwa ta daina hawa. Kafin su iso Kabo hantsi ya dubi ludayi.

Makarantar 'yan mata ce ƙungiyar 'yan asalin garin take ginawa, ajujuwa uku a ƙasa, uku a sama. Wanda ya zana ta shi ne maigidanta a wurin aiki, Akitek Zainulabidin, can a Kano, shekarun baya. An zuba harsashi, bango ya ɗan tashi, sai tsadar rayuwa ta tsayar da komai, awaki suka mayar da ajujuwan wurin kwana. Bana da aka dawo da aikin, Oga ya ce tunda ita 'yar Gwarzo ce ita za ta riƙa zuwa dubawa, ta tabbatar abin da ke kan takarda shi yake tashi a ƙasa. Abu ɗaya ya ja mata kunne a kai: kada ta canza ko ƙusa sai da saninsa. To ga shi babu waya a kusa, Kano kuwa a wannan rashin man tafiyar yini ce.

Ɗan kwangilar, Alhaji Nata'ala, yana zaune gindin darbejiya da rediyo a cinya.

"Injiniya! Sannu da zuwa. Ya hanya? Ya su Baba?"

Ta daɗe da daina gaya musu cewa ita ba injiniya ba ce. Ta rusuna ta gaishe shi, ta tambayi iyali, ta tambayi aiki, ta tambayi gajiya, duk idonta yana sama.

"Alhaji, wa ya ce a toshe tagar can?"

Muryar ta fito ƙasa-ƙasa, sai da ya rage rediyon ya ce ta maimaita.

"Ai ba ni ba ne, maƙwabci ne. Kin ga gidan can da ke jikin katangarmu? Na Malam Datti ne, dillalin hatsi. Jiya ya zo min nan da Mai Unguwa da yaran Hisba biyu. Wai tagoginki suna leƙa masa iyali. Ya ce in aka yi la'asar yau ba a toshe su ba, gobe sai dai mu haɗu gaban alƙali."

"Duka?"

"Duka shidan."

Ba sai ta buɗe takardar zanen ba, ta san abin da ke ciki. A inda gidan nan yake, Oga gona ya rubuta, don lokacin da ya zo awo dawa ce a wurin. A shekarun da ginin ya yi a kwance ne aka sayar da filin, gida ya tashi.

"Alhaji, ta yamma baranda ce, ƙofa ɗaya ce da 'yar taga. In aka toshe gabas iska ba ta da hanyar wucewa. Ga kwano a sama, ga bazara, ga yara cike da aji. Tanderu za mu gina musu."

"Tanderu mai rufi ya fi aji marar rufi, Injiniya. In alƙali ya ce a dakata, wa ya san ranar da zai ce a ci gaba? Ga katakon rufi can a jibge, ga damina ta kunno kai. Ruwa biyu ya dake shi ya gama murɗewa, kin kuwa san wahalar da aka sha kafin a same shi. Ginin nan ya taɓa kwanciya. In ya sake kwantawa, ni da ke ba za mu ga tashinsa ba."

Babu ƙarya a maganarsa, shi ya sa ta ƙara jin tsoro.

"A ɗan dakata min tukuna. Zan hau in gani."

Alhaji ya dube ta, ya dubi tsanin. Matattakalar ginin tana cikin katako har yanzu, ba a kwance ta ba, sai dai tsani.

"Jalo! Sauko, Injiniya za ta hau. Ku kuma ku juya ku ba bango fuska, ba kallo aka kawo ku ba."

Jalo, babban birkilan, ya sauko yana karkaɗe hannu. "Allah dai ya sa ba rushewa za a ce in yi ba, Hajiya. Ni hannuna ɗorawa ya iya."

Ta saba sa wando ƙarƙashin zani saboda irin wannan rana. Duk da haka sai da ta ji kamar idon garin gaba ɗaya yana bayanta. Tsanin yana rawa, hijabin yana shiga ƙarƙashin ƙafarta, ta tattare shi da hannu ɗaya ta hau.

Wannan ne hawanta na farko tun da aka zuba daɓen saman. Bangon ya kai linta, wato kankaren da ake shimfiɗawa bisa taga, rufi ne kawai babu. Ta shiga ajin tsakiya ta tsaya a taga.

Gidan Malam Datti gaba ɗaya yana ƙarƙashinta kamar an ɗora mata shi a faranti. Ga rijiya, ga rumfar girki, ga igiyar shanya, ga ƙofofin ɗakuna. Can a kusurwar kudu ga makewayi, babu rufi kamar na kowa, tana iya ganin dutsen da ake tsayawa a kai. Abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne babu kowa a tsakar gidan. A irin wannan lokaci da ya kamata a ji daka da hayaniyar yara, murhu a mace yake, igiya ba ko tsumma. Labulaye duk a sake. Daga ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu hayaƙi yake fitowa a hankali.

Ta ja da baya da sauri, fuskarta ta ɗau zafi kamar ita aka kama tana leƙe. Ta so a ce mutumin nan rigima kawai yake ji. Ashe gaskiya gare shi.

Da ta sauko ta zagaya, ta tarar da Malam Datti a soronsa tare da Mai Unguwa, wani tsoho mai furfura da carbi. Malam Datti dogo ne, ko a zaune ya fi Mai Unguwa da kai guda. Ta cire takalmi ta durƙusa daga bakin ƙofa. Aka yi gaisuwa mai tsawo, ta gida da ta kasuwa da ta jiran ruwa. Mai Unguwa ya tambayi 'yar gidan wa ce a Gwarzo, da ta faɗa ya ce ya san kakanta. Malam Datti bai dube ta ba ko sau ɗaya. Da ya tashi magana ma Mai Unguwa ya fuskanta.

"Ranka ya daɗe, ni ba na faɗa da makaranta. Amma a garin nan ko yaɓe mutum zai hau yi a soron ɗakinsa, sai ya tsaya ya ɗaga murya: za a hau sama, a kimtsa! Sai ya ji maƙwabta sun natsa sannan ya taka tsani. Haka muka tarar. Waɗannan da Alhaji ya kwaso daga birni kuwa, wayewar gari kawai muka yi muka gan su a kanmu kamar birai, har da waƙa. To a bar wannan. Mai yaɓe yini ɗaya zai yi ya sauka. Taga fa? Yaushe za ta sauka?"

"'Yan mata ne za su zauna a ciki, Malam," in ji Mai Unguwa a hankali.

"Malaman nasu ma 'yan mata ne? Mai gadin fa? Ranar zaɓe da ake cika makarantu da ƙarti fa?"

Mai Unguwa ya juyo gare ta. "To, 'yata, kin ji. Me kika ce?"

Duk abin da ta shirya a hanya ya gudu. Ta dubi tabarmar da ke gabanta, ta ce, "Baba, in ka yarda, ina so in shiga ciki."

Sai a lokacin Malam Datti ya ɗago ya dube ta. Da alama tun jiya da yake jayayya da masu gini, bai taɓa kawowa a ransa cewa a cikinsu akwai wanda zai iya wuce soron nan ba. Ya nemi dalilin hanawa, bai samu ba.

"Shiga. Inna tana nan."

Ta yi sallama a tsakar gida. Labulen da ke hayaƙi ya motsa, wata tsohuwa 'yar firit ta leƙo, riƙe da faifai a gefen fuskarta ta ɓangaren benen.

"Maza shigo, 'yar nan, kada 'yan iskan can su gan ki."

"Na sauke su, Inna. Babu kowa a sama."

"Kin sauke su? Ke wace ce?"

"Ni ce nake duba ginin."

Inna Marka, mahaifiyar Malam Datti, ta sauke faifan ta ƙare mata kallo tun daga sama har ƙasa. "Ke ce Injiniyar? La'ilaha illallahu. Ni da nake ta tsine wa wata ƙatuwa mai muryar maza. Ashe abar ma iska za ta iya ɗauka. Kina cin abinci kuwa? Zubaidatu, fito ki ga wadda ta kulle mu!"

Wadda ta fito matar gidan ce, fuskarta a kumbure, idanunta jawur saboda hayaƙi, da jariri a kafaɗa. Jaririn yana wani ɗan tari siriri. Adawiyya ta yi mata barka, ta tambayi mai jego da jiki, ta karɓi yaron. Zanin da aka naɗe shi ƙaurin itace yake yi.

"A ɗaki muke girki," in ji Zubaidatu, kamar mai ba da haƙuri. "Ba komai, mun fara sabawa."

"Da komai!" Inna Marka ta katse ta. "Jego take, 'yar nan, ko rabin arba'in ba ta yi ba. Kin san wankan jego ko ba a koya muku a jami'ar? Ruwa ya tafasa, a ɗauki ganye a yi ta fyaɗawa, safe da yamma. A ina? A makewayin can da kuka buɗe wa duniya. Na safe muna sace shi kafin su zo. Na yamma kuwa sai su kai magariba a sama suna fito. Dube ta yadda ta kumbura. In sanyi ya shiga yarinyar nan, ke za ki zana mata wani jikin?"

Adawiyya ta miƙa jaririn, ta fita tsakiyar gidan ta ɗaga kai. Daga nan ginin bai yi kama da wanda ta sani a takarda ba. Ya fi girma, kuma ya sunkuyo. Ta je bakin rijiya ta duba, ta je rumfa ta duba, ta nemi izini ta shiga makewayin ta tsaya kan dutsen ta duba. Duk inda ta tsaya tana ganin cikin tagogin, duk tagar da take gani kuwa tana ganinta. Ta lura da abu ɗaya. Ƙasan tagogin ne matsalar, inda kan mutum yake kaiwa. Samansu babu abin da yake kallo sai sararin sama.

"Ni ga yadda nake zuwa rijiya," in ji Inna Marka, ta sake kanga faifan a kuncinta tana tafiya a karkace. "Da tsufana, a gidan ɗana, kamar mai gudun bashi."

Adawiyya ta daɗe tana kallon faifan. Sannan ta ce, "Inna, in na roƙe ki wani abu anjima, za ki yi min?"

"In ba hawa tsani ba ne."

Da ta koma soro rana ta take, an kusa kiran azahar. Ta sake durƙusawa. Wannan karon maganar ta fito, ko da yake a guntu-guntu. Ta ce a ba ta dama ta gwada wani abu a taga ɗaya, ba da siminti ba. In an gama, Malam da kansa zai hau ya duba, tunda shi kaɗai ne namijin da ya halatta ya kalli gidan. In ya ga ko inuwar mutum, ita da bakinta za ta ce a toshe.

Sai da ta faɗa ta ji nauyin abin da ta ɗauka. Mai Unguwa ya ce wannan magana ce ta adalci. Malam Datti ya ce, "La'asar dai tana nan inda take."

Alhaji Nata'ala bai ji daɗi ba. "Yini guda leburori suna zaune suna cin rake, Injiniya. Kuma Oga ya san da wannan?"

"Bai sani ba."

"To."

Wannan "to" ɗin ya bi ta har kan tsani.

Bayan an yi sallah Jalo ya tsaya gindin ginin, Mai Unguwa yana gaya masa abin da zai ce, ya ɗaga murya ya yi shelar hawa, leburori suna ƙunshe dariya. Suka hau shi da ita. Tsayin kowace taga bulo biyar ne. Ta sa ya jera sahu uku a tagar ajin tsakiya, busassu, ƙasan tagar ya tashi daidai idon dogon mutum. Saura sahu biyu a buɗe. Sannan ta sa ya ɗauko faffaɗan katako ya kafa shi a waje daga bakin sahun ƙarshe, ya miƙa kamar tsawon kamu ɗaya da rabi, bakinsa a ɗage sama. In abin ya yi, da kankare za a zuba shi, kowace taga ta sami leɓe.

Malam Datti ya hau a hankali, ya naɗe babbar rigarsa a kafaɗa. Jalo ya koma bakin baranda ya zauna ya fuskanci yamma, ya ba su baya. Adawiyya ta leƙa ta ɗaya tagar ta kira Inna.

Tsohuwar ta fito tsakar gida da jan kallabi a kan muciya, ta ɗaga shi sama tana kaɗawa.

"Datti! Kana ganina?"

Malam Datti ya matsa jikin bulon. Ya yi ɗage. Ya karkata hagu, ya karkata dama.

"Ba na ganinki, Inna."

"Ga ni a rijiya! Yanzu fa? Ko idon ne ya fara tafiya irin na ubanka?"

Jalo ya yi tari don ya ɓoye dariya. Adawiyya ba ta iya ko murmushi ba, ta riƙe takardar zanen da hannu biyu har ta yamutse. Malam Datti ya waiwaya, ya jawo bulo guda da ƙafa, ya hau kai. Yanzu kansa ya wuce sahun gaba ɗaya. Ya daɗe a haka.

"Me kake gani, Baba?"

"Kan darbejiyar gidan Liman. Da shirwa."

Ta saki numfashi, amma bai nufi tsani ba. Ya sauka daga bulon ya fita baranda, ya shiga ajin ƙarshe, na kudu. Ta bi shi a baya. Tagogin wannan ajin su ne suke fuskantar makewayin kai tsaye. Ya tsaya nesa da su, bai ko leƙa ba.

"A yi min irinsa a nan."

Aka sake shela, Inna ta shiga ɗaki, Jalo ya kwaso bulo da katako ya sake jerawa. Rana ta fara karkata, inuwar bangon yamma ta miƙo cikin ajin. Inna ta shiga makewayin da muciyarta. Malam ya hau bulo ya duba, ya ƙara wani bulon a kai ya sake hawa, har sai da ya dafa linta.

"Na ga bakin kallabin."

"Baba, bulo biyu ka hau. Kuma Inna ta ɗaga shi sama da kanta."

"Bencin makaranta bai kai bulo biyu ba?"

Ya kai. Ita ta san ya kai.

"A ƙara sahu ɗaya," in ji shi. "A duka shidan."

Sahu huɗu ke nan, saura tsayin bulo ɗaya tal. Ta dubi ajin. Yanzu da babu rufi, rana ta cika shi fal, kowa zai ce ai ba laifi. Ita kaɗai take ganin kwanon da ba a ɗora ba tukuna, da silin a ƙarƙashinsa, da allon da zai koma duhu daga sahun baya, da yarinyar da za ta zauna a kusurwar can hijabinta ya jiƙe da gumi. Babu yadda za ta nuna masa wannan. Daga masallacin unguwa ta ji ana gwada lasifika.

A gidansu ba a musu da babba. Ta tuna fuskar Zubaidatu, ta tuna katakon da ke jibge a ƙasa.

"Baba, ka yi haƙuri." Muryarta tana rawa, ta bar ta ta yi rawar. "A ajin tsakiya ka hau ka duba, ba ka ga komai ba. Ba zan iya ƙarawa a sauran ajujuwan biyu ba. In na ƙara, ba aji na gina ba. 'Ya'yan mutane ne za su zauna a ciki, ni ma amana aka ba ni."

Jalo ya daina motsi. Malam Datti ya sauko daga kan bulon, ya tsaya yana kallon bangon da ke bayanta.

"Nan fa?"

Ta ce, "Nan a ƙara."

Ladan ya fara kiran la'asar. Sai da aka gama ya sake magana.

"Masu rufin fa? Su ai sama da taga za su hau."

"Za a kafa zana ta gabas kafin su fara. Ba wanda zai hau sai an yi shela, kuma sai hantsi. Da la'asar kowa ya sauka, har Maijego ta yi arba'in."

"Alhajin naku ya yarda da haka?"

"Zan rubuta masa. In na sa hannu dole ya bi."

Ba ta da tabbacin haka, amma ta faɗa.

Malam Datti ya gyara rigarsa ya nufi tsani. Da ya sa ƙafa ya tsaya. "Ba zan je kotu gobe ba. Amma ranar da na ɗaga kai na ga ido ɗaya a tagar nan, alƙali yana nan inda yake, ba ƙaura ya yi ba."

"Na gode, Baba."

Ya sauka.

A ƙasa Alhaji Nata'ala ya saurari sharuɗɗan yana girgiza kai. Ya ce aikin rabin yini ba zai kai su rufi kafin ruwa ba sai wani ikon Allah. Ya ce tagar da aka riga aka toshe sai an fasa, Jalo kuwa ya yi rantsuwa ba da hannunsa ba. Ya ce leɓen kankaren nan ba ya cikin zane, in Oga ya zo ya ce wa ya sa, shi ba ruwansa. Ta ɗora takarda a kan bonet ɗin motarsa ta zana tagar yadda za ta koma, da leɓenta, da wasu ƙananan ƙofofin iska da ta ƙara a saman linta inda ba mai kaiwa. Ta rubuta sunanta a ƙasa, ita kaɗai.

"A kwaɓa siminti?" in ji Alhaji.

Busasshen bulo ana iya sauke shi. In siminti ya shiga, magana ta ƙare. Gobe da sassafe za ta nemi motar Kano, ta tsaya gaban teburin Oga ta gaya masa ta canza masa fuskar gini gaba ɗaya, kuma aji ɗaya cikin uku ta bayar da shi. Ba ta san me zai ce ba. Ba ta ma san ko iskar za ta isa ba, sai an ɗora kwano, sai bazara ta zagayo, lokacin da babu sauran gyara.

"Gobe da hantsi," ta ce. "A kwaɓa."

Leburori suka fara wanke shebur. Kafin a janye tsanin ta ce a ɗan bar mata shi, ta sake hawa. Ta shiga ajin kudu, inda Jalo ya riga ya ɗora sahu na huɗu, ta je kusurwar baya ta zauna a ƙasa, daidai tsayin yarinya a kan benci. Ta ɗaga takardar zanen bisa kanta ta tare sama, ta dubi ɗan tsagin da ya rage. Iskar yamma ta taso, ta ji ta tana shigowa ta tsagin, ta ga ƙurar siminti tana motsi a saman linta. Ta jira ta ji ko za ta sauko inda take.